Jan Da Bai Taɓa Gani Ba

"An kore shi."

Ummul Khairi ba ta ɗago kai ba. Tana zaune a inuwar ɗakinta da allon katako bisa cinya, tana shafa wa farar takarda ruwa kafin ta sa launi. Ta san muryar Yaya Kabiru idan ya kawo labarin da ya yi masa daɗi.

"Da ke nake, Ummu. Abdul'aziz ɗinki an kore shi daga konkur, jarrabawar shiga jandarma."

Hannunta ya tsaya.

Inna Rakiya ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu. "Kora kamar yaya? Ba an ce ya ci rubutu, ya ci gudu ba?"

"Duk ya ci, Inna. A gaban likita ya faɗi. Tare da abokina Faruk suka shiga. An nuna masa wasu hotuna masu ɗige-ɗigen launi, aka ce ya faɗi lambar da ke ciki, ya ce shi bai ga lamba ba. Aka sake, aka sake. Ashe mutumin ba ya rarrabe ja da kore."

"Makanta ce?"

"Yana gani garau. Launin ne ba ya gani. Likita ya ce da abin aka haife shi, kuma ba magani." Kabiru ya dubi ƙanwarsa, ya yi 'yar dariya. "Duk zaman nan da yake yi a zaure yana yaba furanninki, ko me yake kallo? Allah kaɗai ya sani."

Ummu ta dubi takardar. Ruwan da ta shafa ya fara bushewa daga gefe. Ta san in ya bushe launin ba zai bazu yadda take so ba, amma ta kasa motsa hannu.

Tun tana makarantar koyon malanta ta kamu da son zanen nan. Wata madam ce ta ba ta ɗan akwatin fentin ruwa da fenso, irin alƙalamin nan mai gashi a baki. Marigayi mahaifinta, Malam Tanimu, bai hana ta ba. Ya ce dai kada ta zana abu mai numfashi, saboda haka ta tsaya ga fure da ganye. Da safe tana koyar da yara a lakwal, wato makarantar firamare, da yamma tana zana zogale da furen bagaruwa da duk abin da ta tsinko a hanya. Mutanen gida wasan yara suka ɗauki abin.

Abdul'aziz ne mutum na farko da ya riƙe takardarta da hannu biyu, ya daɗe yana kallo.

Ɗan Malam Ɗan'azumi magini ne, nan unguwar Birni a Damagaram. Ya gama jami'a, aiki bai samu ba, yana kabu-kabu da moto, wato babur. Baba Lawan, ƙanen mahaifinta kuma waliyyinta, ya ce ba zai ba da 'yar ɗan'uwansa ga mai jiran fasinja a bakin hanya ba. In ya sami aikin gwamnati, ya turo magabata. Shi ya sa gidan duka aka zuba wa konkur ɗin nan ido.

Inna ta zo ta tsaya a kanta.

"To Ummu, kin dai ji. Mun jira shi, ba wanda zai ce mun yi masa gaggawa. Alhaji Mai Nasara kuwa ya gaji da aike. Zan gaya wa Babanku Lawan ya ce mutanensa su zo ranar Juma'a bayan an sauko."

"Inna, ko ta bakinsa ba mu ji ba."

"Ya kira ki?"

Ummu ta girgiza kai. Kwana da kwanaki ke nan wayarsa a kashe.

*

Da la'asar Mai Nasara ya zo da kansa.

Bakano ne, mai sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Dole. Ya ba arba'in baya kaɗan, matarsa ta rasu, bai sake aure ba. Ba ya da hayaniya. Ko turarensa ba ya riga shi shiga wuri.

Bayan sun gaisa a zaure ya ce, "Malama Ummu, an ce kina zane, amma ba ki taɓa nuna min ba."

Ba ta so, amma Inna na jin su daga tsakar gida. Ta shiga ta ɗauko wanda ta fi so, reshen yakuwa da jajayen 'ya'yanta a jikin kara.

Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya karkata takardar kamar yadda yake yi wa turmin atamfa.

"Jan nan ba ja ɗaya ba ne," ya ce a hankali. "A ƙasa kin shimfiɗa ruwan goro, kika bari ya bushe, sannan kika ɗora ja. Nan gindin kuwa kin ɗiga makuba tun takardar da danshi, shi ya sa ya bazu haka. Koren ganyen ma kin ɗan karya shi da ja, don kada ya yi kuka da yawa. Haka ne?"

Ummu ta dube shi. Haka ta yi, ba ragi ba ƙari. Ba wanda ya taɓa gane hakan.

"Haka ne, Alhaji."

"Launi shi ne abincina tun ina yaro. Ina da masu buga mayafi a Kano. Reshen nan in aka ɗora shi a bakin farin mayafi, matan Damagaram za su yafa aikin hannunki su fita biki. In Allah ya sa kin shigo gidana, ɗaki zan ware miki mai babbar taga. Lakwal ma ba zan ce ki bari ba."

Ya miƙo mata takardar.

"Na ji abin da ya sami yaron nan. Ban yi murna ba, Allah ne shaida. Amma ni ma mutum ne, kuma na daɗe a tsaye."

Bayan ya tafi ta zauna a zauren ita kaɗai. Da mugun mutum ne da abin ya zo mata da sauƙi. Sai ga shi ya kalli takardarta sau ɗaya, ya faɗi abin da ta daɗe tana jira wani ya faɗa.

Ta shiga lalubo maganganun Abdul'aziz ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta ce masa, "Dubi yadda jan nan ya fito," me ya ce? Ya ce, "Ya fito." Ya yi murmushi ma.

Nan hawayen suka zo.

*

Ranar Asabar ta ce wa Inna za ta Gidimuni wurin Gwaggo Fanta, yayar mahaifinta. Inna ba ta hana ba. A mota ta tura wa Abdul'aziz saƙo, ta gaya masa inda take, ba ta ƙara komai ba.

Gwaggo Fanta na da garka a bakin tafki, ƙarƙashin dabinai. Akwai albasa da rogo, yakuwa kuma ta nuna jajawur a bakin shinge. Ummu ta yini a nan da allonta, ta fara ganye uku ta ɓata ukun. Fentin ruwa ba ya karɓar gyara. In hannu ya yi nauyi, ya yi ke nan.

Washegari da hantsi ta ji ƙarar moto ta tsaya a bayan shinge.

Ya rame. Ya gaida Gwaggo da ke tsinkar yakuwa can gefe, sannan ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da tabarmar Ummu, kansa a ƙasa.

"A bakin Yaya Kabiru zan ji, Abdul?"

"Na rasa da fuskar da zan zo miki."

"Tun yaushe ka sani?"

"Ranar da likita ya gaya min."

"Kada ka yi min haka. Mutum ya girma har ya gama jami'a bai san ba ya ganin ja ba?"

"Wallahi, Ummu. Tun ina yaro an ce min ganye kore ne, jini ja ne, na riƙe. Na zaci abin da nake gani shi kowa ke gani. In na sa hular da ba ta dace da riga ba, 'yan'uwana su yi dariya su ce ban iya kwalliya ba, ni ma in yi dariya. Fitilar hanya kuwa na san ta sama tsayawa ce, ta ƙasa wucewa. Ban taɓa tunanin akwai wani abu bayan wannan ba."

Ummu ta jawo sabuwar takarda, ta tsoma fenso a ruwa. Ta ɗiga ja mai duhu a hagu, ta wanke, ta ɗiga kore mai duhu a dama. Ta juya masa allon.

"Wanne ne ja?"

Ya daɗe yana kallo. Ta ga yadda yake so ya yi caca ya faɗi ɗaya, ta ga kuma lokacin da ya fasa.

"Na dama ya ɗan fi haske. Iyakar abin da na gani ke nan."

Ta ajiye allon, ta rufe fuska da mayafi. Kukan da ta danne tun a gida ya ƙwace mata.

"Sai in yini ina haɗa ja ɗaya," ta ce cikin kuka. "In ce bari Abdul ya zo ya gani. Ka zo ka ce ya yi kyau, in kwana da farin ciki. Me kake gani, Abdul? Don Allah me kake kallo duk lokacin nan?"

Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya daga cikin ganyen da ta ɓata jiya.

"Ina ganin inda tsutsa ta ci ganye, kika bar ramin ba ki cike ba. Ina ganin inda ruwa ya taru ya bushe, ya bar ɗan siririn layi a gefe. Inda kika bar farin takarda don ya zama hasken rana, shi na fi so. Shuɗi da rawaya ina ganinsu sosai. Kuma in ranki a ɓace yake ina ganewa, jijiyoyin ganyen sukan yi kauri, kamar wannan." Ya ajiye takardar. "Ban yi miki ƙarya ba da na ce suna da kyau. Amma jan da kike faɗa ban taɓa ganinsa ba, kuma likita ya ce har in mutu ba zan gani ba."

Iska ta kaɗa ganyen dabino a samansu. Can bakin ruwa wani yana ban ruwan albasa.

"Na ji Mai Nasara zai turo ranar Juma'a," ya ce. "An ce ya kalli zanenki ya karanta shi kamar Fatiha. Abin da na zo in gaya miki ke nan, Ummu. Ba ni da aiki, ba ni da idon da ya dace da ke. Jandarma ta rufe, soja ta rufe, duwan, aikin kwastan, ma haka. Ki bi maganar Inna. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ummu ta sauke mayafin. Idonta ya yi ja, amma kukan ya tsaya.

"Wato tun daga Damagaram ka ƙona mai don ka zo ka ba da ni?"

"Ba haka..."

"Likita ya yanke maka hukunci bai tambaye ka ba, kai ma ka zo ka yanke min ba ka tambaye ni ba. Inna ta yanke, Baba Lawan ya yanke, Yaya Kabiru ya yanke. Yanzu har da kai."

Ta share fuskarta, ta ci gaba.

"Ba zan ɓoye maka ba. Ranar da Alhaji ya faɗi launukana ɗaya bayan ɗaya na ji daɗi, daɗin da ban taɓa ji daga gare ka ba. Jiya na yini a nan ina tambayar kaina ko wannan ya isa a zauna da mutum. Na tsinko ganyen rogon can, na ga yadda ya yi yatsu, kafin in ankara na ce a raina, bari Abdul ya ga wannan. Ina fushi da kai fa. Na san ba ka ganin rabinsa. Amma sunanka ne ya zo, na Alhaji bai zo ba ko sau ɗaya."

"Ummu, so ba ya cika tukunya."

"Allon lakwal baƙi ne, alli fari. Waɗannan kana rarrabewa?"

Ya ɗago ya dube ta.

"Ana ɗaukar malaman kwantaragi. Ka kai takardunka."

"Baba Lawan ba ya kiran wannan aiki. Albashin ma sai an ga dama."

"Na sani. Ni ma daga nan na fara. Za mu sha wuya, ban ce ba za mu sha ba. Ka ce wa babanka ya zo ranar Juma'a."

"Za a kore shi, Ummu. Tsoho ne. Ba zan iya ganin an wulaƙanta shi ba."

"Wa zai kore shi?"

Gwaggo Fanta ce. Ashe tun ɗazu ta matso da ƙwaryar yakuwarta, ba su lura ba. Ta sauke ƙwaryar, ta dafa ƙugu.

"Lawan ne zai kori baƙo daga ƙofar Tanimu? Ni na goye shi, har yau tabon cizonsa na kafaɗata. Kai yaro, ban ce na ba ka ita ba, ba ni ke bayarwa ba. Amma za a tambaye ta a gabana. Tashi ka kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba."

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci motoci biyu suka tsaya a ƙofar gidan. Dattawan Mai Nasara suka shiga zaure, inda Kabiru ya shimfiɗa darduma tun da safe.

Malam Ɗan'azumi a ƙafa ya zo, shi kaɗai, da wankakkiyar farar riga da ɗan ƙullin goro. Ya ga motocin, ya ga takalman da ke bakin zaure. Bai shiga ba. Ya koma jikin katanga ya tsaya, inda inuwar ba ta kai rabin mutum ba.

Baba Lawan ya shigo tsakar gida yana huci.

"Wa ya kira tsohon can? So ake a kunyata ni a gaban baƙi?"

"Ni na ce ya zo," in ji Gwaggo Fanta daga kan tabarma. Tun jiya ta iso. "Zauna, Lawan."

"Yaya, magana ta riga ta ƙare. Na sa sharaɗi, yaron bai cika ba."

"Kai ka sa, kai za ka iya cirewa. Lokacin da Tanimu ya nemi Rakiya, wane aikin gwamnati yake yi? Allo da tawada gare shi. Kira yarinyar ka tambaye ta, kamar yadda addini ya ce."

Inna Rakiya da ke tsaye bakin ɗakinta ta ce, "Shi ya sa nake magana, Yaya Fanta. Ni na san abin da na gani. Na san dafa ruwa a tukunya don maƙwabta su ga hayaƙi. Malam mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma kirkinsa bai hana Kabiru kwana da yunwa ba. Ban haifi Ummu don ta maimaita ni ba."

Kowa ya san gaskiya ta faɗa.

Ummu ta fito. Ta durƙusa a gaban Baba Lawan, amma Inna take kallo.

"To ga ki," in ji Baba Lawan. "Alhaji Mai Nasara mutum ne da ba a taɓa jin abin kunyarsa ba. Ɗayan kuwa kin san halin da yake ciki, kin san lalurarsa. Ki yi tunani kafin ki buɗe baki, don ba zan sake tambaya ba. Wa kike so?"

"Baba, Alhaji bai yi min komai ba sai alheri. Ku ba shi haƙuri."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Abdul'aziz nake so."

Kabiru ya yi tsaki ya juya baya.

Ummu ta ja gwiwa har gaban mahaifiyarta, ta kama bakin zanenta. "Inna, na ji duk abin da kika ce, kuma ban ce ba zai same ni ba. Ki yafe min. In na auri Alhaji zan ci in ƙoshi, amma zan cuce shi, don zai zauna da matar da hankalinta ke wani wuri."

Inna ta zare zanenta daga hannun Ummu a hankali. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Baba Lawan ya cire hula ya share zufa. Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙofar zaure inda dattawa ke jiransa da goro da alawa.

"Yanzu da wane baki zan fita in yi wa mutanen nan magana?"

"Da wanda ka kira su," in ji Gwaggo.

Ya tafi yana jan ƙafa. Ummu na nan durƙushe a ƙasa, tana jin shessheƙar Inna ta bayan labule. Ta yunƙura za ta shiga, Gwaggo ta riƙe mata hannu.

"Bar ta. Ba da ke kaɗai take kukan ba."

An daɗe a haka. Daga zaure ana jin muryar Baba Lawan ƙasa-ƙasa, sai kuma shiru, sai ƙarar buɗe mota.

Can labulen ya motsa. Inna ba ta fito ba, hannunta kawai aka gani, riƙe da sabuwar tabarmar da take ajiya don manyan baƙi.

"Kabiru."

"Na'am, Inna."

"Tsohon nan har yanzu a tsaye yake?"

"Yana nan."

"Kai masa wannan, ka shigo da shi inuwa. Ka ba shi ruwa ya sha kafin ya faɗi abin da ya kawo shi."